Farantin ɗumi, jan ƙwan lantarki, garwashi ko gas: wanne ya dace da ƴan tsaki a Tawa?

Duk wanda ya taɓa karɓar kwalin ƴan tsaki a tashar mota ta Tawa a watan Disamba ko Janairu ya san cewa aikin gaske ba ya farawa sai bayan sallar isha'i. Da rana iska takan yi ɗumin da ya kai digiri 30 ko ya ɗan haura, ƴan tsakin su warwatsu suna tsintar abinci kamar babu abin da ke damunsu. Daga tsakar dare zuwa asuba kuwa sanyi yakan sauko zuwa wajen digiri 15, wasu darare ma ya yi ƙasa da haka idan iskar hunturu ta taso. Wannan tazara ta digiri 15 ko fiye a cikin kwana ɗaya ita ce babbar matsalar mai rainon tsaki a ƙasar Adar, kuma da ita ya kamata a auna kowace hanyar ɗumama kafin a saka kuɗi a cikinta.

Ɗan tsako a makonni biyu na farko bai iya riƙe zafin jikinsa da kansa, domin laushin gashin da ya fito da shi daga ƙwai ba ya tare sanyi yadda gashin babbar kaza ke yi. Jikin kaza yana da zafin da ya kai digiri 41, kuma a ƙarƙashinta ne ɗan tsako ke komawa duk lokacin da ya ji sanyi ya fara ratsa shi. Idan babu uwa, ƙa'idar da masu kiwo suka sani ita ce a samar masa da digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako, har gashi ya rufe shi a mako na biyar ko na shida. Sanyi ba lallai ne ya kashe shi a daren da ya kama shi ba. Yakan hana shi ci da sha, ɗan abin da ya ci ya tafi wajen ɗumama jiki maimakon girma, sauran gwaiduwar da ke cikinsa ta ƙi narkewa da kyau, kashi ya manne masa a dubura, bayan kwana uku ko huɗu a riƙa tsintar gawa ɗaya bayan ɗaya ana ɗora laifi a kan abinci ko a kan mai sayarwa. Waɗanda aka yi tafiyar fiye da kilomita 500 da su daga Yamai, ko aka shigo da su ta Ƙonni, sun ma fi rauni, tunda suna isowa a gajiye da ƙishirwa.

Na yi raino da kaskon garwashi shekaru, na yi da jan ƙwan lantarki, daga baya na koma farantin ɗumi, gas kuwa na ga yadda yake aiki a gonar wani abokin sana'a da ke zuba ɗaruruwa a lokaci guda. Ra'ayina shi ne mai ƴan tsaki 50 ko ƙasa da haka, a cikin gida, ba shi da abin da ya fi farantin ɗumi, da sharaɗin ya tanadi abin da zai riƙe shi idan an ɗauke wuta. Wanda ya haura haka da yawa kuma lissafinsa daban ne, zan zo kansa.

Farantin ɗumi wani allo ne mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan ƙafafu huɗu, kamar ƙaramin tebur, ana iya ɗaga ƙafafun ko a sauke su. Ƙasan allon ne ke yin ɗumi idan an jona shi da wuta, samansa kuwa ba ya zafi sosai. Ba ya ba da haske, ba ya da harshen wuta, kuma ba ya ɗumama iskar ɗaki, wanda shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba sai bayan sun saya. Ɗan tsako yana shiga ƙarƙashinsa ne ya jingina bayansa da allon, ɗumin ya ratsa shi kai tsaye kamar yadda yake samu a jikin uwarsa, idan ya ji ya ishe shi ya fito ya ci ya sha, ya zaga, ya sake komawa. Saboda haka wanda ya rataya ma'aunin zafi a gefen akurki ya ga digiri 20 kada ya ce farantin ya lalace. Shaidar aikinsa ita ce a sa tafin hannu a ƙasansa a ji zafin da hannu zai iya jurewa na ɗan lokaci, sannan a dubi halin ƴan tsakin.

Duk sirrin faranti yana wajen daidaita tsayinsa. Idan ya yi sama da yawa, bayansu ba ya taɓa shi, sai su cunkushe a tsakiya suna kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa. Idan ya yi ƙasa da yawa, ba za su iya shiga ba, ko su shiga zafi ya kore su, a same su kwance a bakin gefe. Abin da ake so shi ne ɗan tsako ya ɗan sunkuya ya shiga, in ya miƙe bayansa ya taɓa allon. Dabarar da na ga ta fi amfani ita ce a sauke ƙafafun baya, a ɗaga na gaba da kimanin faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ta yadda allon zai ɗan karkace, ƙanana su shige can ciki, manya su tsaya daga baki. Kowane kwana huɗu ko biyar sai an sake ɗagawa, musamman ga kajin nama, waɗanda ke fitowa da nauyin gram 40 ko kusa da haka amma su ninka shi sau huɗu ko fiye a mako guda. Kada a manna farantin da bango ta kowane gefe. A bar aƙalla gefe biyu a buɗe domin na ciki ya sami mafita idan ƴan uwansa sun tare ƙofa ɗaya. A ranar farko kuma sai an koya musu: a tsoma bakin kowanne cikin ruwa, a tura shi ƙarƙashin allon da hannu, a dawo da magariba a tabbatar babu wanda ya kwana a waje.

Abin da ya sa nake ganin wannan na'ura kamar don yanayinmu aka yi ta shi ne ta bar wa ɗan tsako zaɓi. Da azahar, lokacin da ɗakin kwano ya ɗauki zafi, ba sa ko kallon farantin, kuma shi ma bai ƙara wa ɗakin zafin da za a ji ba. Da ƙarfe uku na dare, lokacin da sanyi ya sauko kuma mai gida yana barci, suna ƙarƙashinsa. Babu wanda ya tashi ya kunna, babu wanda ya manta bai kashe ba. Duk sauran hanyoyin suna buƙatar mutum ya tsaya tsakanin ƴan tsaki da yanayi, yana ƙarawa yana ragewa, kuma mafi yawan asarar da na sani a unguwarmu ta faru ne a sa'o'in da wannan mutumin ya fita kasuwa ko barci ya kwashe shi.

Akwai kuma batun duhu, wanda ba a cika kula da shi ba. Ƴan tsakin da ke ƙarƙashin faranti suna kwana cikin duhu, su yi shiru tun daga magariba, su tashi da wayewar gari da yunwa su afka wa abinci. Na lura sun fi natsuwa, kuma caccakar juna da fige gashi ba su yi yawa a cikinsu kamar waɗanda ke kwana da haske a kansu dare da rana ba. Sai dai a kwana biyu ko uku na farko, musamman ga kajin nama da aka kawo daga nesa, yana da kyau a bar musu ƙaramar fitila kusan dukan dare domin su gane inda ruwa da abinci suke, tunda farantin ba zai nuna musu hanya ba.

Jan ƙwan lantarki shi ne babban abokin gasar faranti, don haka sai a zauna a yi lissafin wuta tsakani da Allah. Ƙwan da aka fi amfani da shi yana cin wat 250, akwai kuma na 150 da na 175. Mai wat 250 idan ya kwana ya wuni a kunne zai ci kilowat 6 a lissafin mitar wuta, a kwana 28 ya ci 168. Farantin da faɗinsa da tsawonsa suke santimita 30, wanda ake cewa yana ɗaukar ƴan tsaki 20 zuwa 25, yana cin kimanin wat 22, wato ɗan fiye da rabin kilowat a kwana, kusan 15 a kwana 28. Amma kwatanta waɗannan biyun kai tsaye zalunci ne ga ƙwan, domin ƙwai ɗaya yana iya ɗumama 50 ko fiye, kuma a Tawa ana kashe shi da rana. In an kunna shi sa'o'i 14 kawai a kwana, cinsa ya koma kilowat 98. Farantin da ya dace a gwada da shi shi ne babba, mai santimita 40 a 60, wanda ke ɗaukar kimanin 50 yana cin wat 60 da ɗoriya. Ko an bar shi dare da rana bai wuce kilowat 42 ko kusa da haka a kwana 28 ba. Ko da an yi wa ƙwan dukan adalci ke nan, farantin bai kai rabinsa ci ba. Kowa ya ɗauki takardar kuɗin wutarsa ta NIGELEC ya ninka waɗannan alƙaluma da farashin da ake caje shi, zai ga zubi nawa zai yi kafin tsadar farantin ta fanshi kanta.

Ni dai ba rangwamen kuɗin wuta ne ya fi jan hankalina ba, sai abin da ƙarancin cin ke ba da damar yi idan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Mun ga yadda aka yi daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024, wato lokacin ɗari gaba ɗaya ya faɗa cikin wannan tsakani. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana nan a jiharmu tun 2018, amma ɗan tsako da dare yake buƙatar ɗumi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1200 na awa guda, kuma in irin na dalma ne rabin wannan kaɗai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Wannan rabin zai riƙe farantin wat 22 dare guda cur har da saura mai yawa, ko bayan an cire abin da na'urar juya wuta ke ci, babban farantin ma zai kai shi sa'o'i takwas ko tara. Jan ƙwai mai wat 250 zai shanye shi cikin sa'o'i biyu da ƴan mintoci. Allon hasken rana na wat 100, wanda muke kira pano, ya isa ya mayar wa batirin abin da ƙaramin faranti ya ci a dare, in dai ana share masa ƙurar hunturu kowace safiya. Akwai ma farantan da tun asali da bolt 12 suke aiki, kamar EcoGlow na kamfanin Brinsea na Ingila. Gidaje da yawa a Tawa da ƙauyukan Keita da Buza sun riga sun mallaki pano da batir don fitila da cajin waya, saboda haka rabin kayan yana hannu.

Ko babu batir, halin da ake shiga idan wuta ta tafi ya bambanta. Ƙwai yana mutuwa, haske da zafi su ɓace tare a cikin ƙiftawar ido, ƴan tsakin su firgita su ruga kusurwa su hau kan juna, na ƙasa su shaƙe. Shi ya sa ake zagaye wurin raino da kwali a kawar da kusurwoyi. Faranti ma yana hucewa cikin ƴan mintoci, amma suna nan tare ƙarƙashin rufi mai ƙasa-ƙasa cikin duhun da suka saba da shi, ɗumin jikinsu yana taruwa a wurin, in aka yafa tsohon zane a gefe biyu za su iya jure sa'a ɗaya ko biyu kafin a kawo musu ɗauki.

Farantin yana da nasa aibu, kuma ban ga amfanin ɓoye su ba. Na farko, adadin da aka rubuta a kwalinsa na ƴan kwana ɗaya ne. Allon santimita 30 a 30 idan aka raba wa 25, kowanne ya sami wurin da bai wuce santimita 6 a 6 ba, bayan mako biyu kuwa rabinsu ne kawai za su shiga. Wanda zai yi raino a lokacin sanyi ya raba adadin da aka rubuta biyu ya yi aiki da shi, ko ya sayi faranti biyu. Na biyu, tunda ba ya ɗumama iska, ba ya aiki a rumfa ko tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Masu ƙera shi da kansu sukan ce kada sanyin ɗakin ya yi ƙasa da digiri 10, kuma ɗakin ƙasa mai rufaffiyar taga ta gefen iska ya fi ɗakin kwano riƙe ɗumi. Ƙasan ma sai an shimfiɗa dusar katako ko ƙaiƙayin shinkafa ko ɓawon gyaɗa mai kauri, domin daɓen siminti yana zuƙe ɗumi ta ƙafafunsu ko da bayansu yana jikin allon. Na uku, ba a ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi, mai rauni zai iya mutuwa a can ba a sani ba, don haka wajibi ne a ɗaga shi safe da yamma a duba. Daga mako na biyu kuma sukan haye samansa su ɓata shi da kashi, sai a shimfiɗa kwali a kai ana canzawa. Abu na ƙarshe shi ne samunsa: ba kaya ne da ake tsinta a kowane shago ba, yawanci sai an yi saƙo, kuma in ya lalace a tsakiyar raino ba lallai a sami madadinsa a ranar ba.

A nan ne jan ƙwai ya fi shi, domin yana da araha a saye, yana ɗumama fili mai faɗi, ana kuma ganin ƴan tsakin sarai: in sun cunkushe ƙarƙashinsa sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki da baki buɗe zafi ya yi yawa, in sun taru gefe guda iska ce ke shigowa ta wani wuri. Amma haɗarinsa na gaske ne. Gilashinsa yana yin zafin da ɗigon ruwan sanyi zai iya fasa shi, mazaunin roba yana narkewa sai an sami na tangaram, kuma dole a rataye shi da sarƙa ko waya mai ƙarfi, kimanin rabin mita daga shimfiɗa, ba da igiyar wutarsa ba. In ya faɗo kan busasshiyar dusar katako a lokacin hunturu, gobara ce, kuma mun san yadda wuta ke gudu a wannan lokaci. Hawa da saukar ƙarfin kuran ma na kashe shi ba sanarwa. Ina kuma jan kunnen masu sabon shiga game da farin ƙwan zamani da ya cika kasuwa yanzu: haske kawai yake bayarwa, ba shi da ɗumin tsohon ƙwai mai zare na wat 60 ko 100, kuma na ga wanda ya rataya shi yana zaton ya ɗumama ƴan tsakinsa.

Garwashi shi ne abin da iyayenmu suka sani, shi ne kuma ke hannun kowa. Ana zuba shi a tukunyar ƙasa ko kasko, a rufe da toka don ya daɗe, a ɗora a kan bulo, a kewaye da raga don kada su faɗa. Ba ruwansa da NIGELEC, kuma tukunya biyu ko uku za su ɗumama ɗaki mai ƴan tsaki ɗari biyu. Aibinsa shi ne zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana da ƙarfi da farkon dare lokacin da ba a cika buƙatarsa ba, ya yi rauni gab da asuba lokacin da sanyi ya fi tsanani, sai mutum ya tashi sau biyu ko uku kowane dare har tsawon makonni. Mafi muni ita ce iskar gubar da gawayi ke fitarwa idan yana ci a rufaffen wuri, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe tsuntsu tana kashe mutum. Na ɗanɗana wannan da kaina. Wani dare mai tsananin sanyi na toshe taga da buhu, na ƙara ɗanyen gawayi a kan garwashi don kada in sake tashi, da asuba na tarar da kusan rabinsu a kwance, sauran suna layi. Tausayi ne ya sa na toshe tagar, kuma har yau abin yana damuna. Wanda ba shi da wata hanya sai gawayi, ya hura shi a waje har ya zama jan garwashi babu hayaƙi kafin ya shigar, ya bar kafar iska ta sama a buɗe komai sanyi, kada kuma yaro ya kwana a ɗakin da sunan gadi.

Fitilar kananzir tana iya riƙe goma ko ashirin a cikin kwali, amma ga hayaƙi ga haɗarin kifewa, ban ba kowa shawararta ba. Abin da na fi yarda da shi a matsayin mataimaki shi ne jarkar ruwan zafi, wato bido mai lita 20. In aka cika ta da ruwa mai digiri 60 aka naɗe da buhu ko tsumma, kafin ta huce zuwa 35 za ta saki ɗumin da ya haura rabin kilowat, kwatankwacin abin da ƙaramin faranti ke bayarwa a kwana guda, ko da yake ba a daidaice take sakinsa ba. Ba wuta, ba hayaƙi, kuma ƴan tsakin suna jingina da ita kamar yadda suke yi da allon. Duk mai faranti da ba shi da batir ya ajiye bido biyu kusa.

Gas na masu yawa ne. Wanda ke zuba 300 ko 500 ko dubu ba zai jera faranti goma ko ashirin yana ɗaga ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya ba. Murhun gas na raino, wanda ake ratayewa yana feso zafi ƙasa, guda ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwa, ana rage shi ana ƙara shi da makunni, kuma tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ɗin a cikin ƙasa ake samar da shi. Kilo ɗaya yana ɗauke da zafin da ya kusa kilowat 13 na awa guda, don haka murhu mai ƙarfin kilowat ɗaya da rabi zai cinye tukunya mai kilo 6 cikin kimanin sa'o'i 50, wato darare huɗu in da dare kawai ake kunnawa. Sai an ajiye tukunya ta biyu cike, tunda gas yakan yi wuya a wasu lokuta, a riƙa duba tiyo da ruwan sabulu, a kuma bar iska tana shiga domin shi ma harshen wuta ne. Ga mai ashirin ko talatin kuwa, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Ba zan tsallake uwar kaza ba, domin ita ce ma'aunin da duk waɗannan ke ƙoƙarin kamowa. Tana rufe goma zuwa sha biyar, ba ta cin wuta, tana koya musu tsinta, kuma Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Sai dai muddin tana reno ba ta yin ƙwai, kuma in an sake ta da su tana jan su cikin raɓa da sassafe, shaho da muzuru suna ɗauka. Wannan ya fi tsanani ga ƴan zabi, waɗanda ƙwansu ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28 kuma yawanci da damina ake ƙyanƙyashe su, galibi a ƙarƙashin kaza tunda zabuwa ba ta iya reno ba. Ɗan zabo ya fi ɗan tsako ƙanƙanta da rashin jure sanyi da laima, yana son ɗumi fiye kaɗan, kuma har mako shida. Da damina iska mai ƙarfi kan zo gaban hadari ta tafi da wuta, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi farat ɗaya, gawayi kuma ya jiƙe ya riƙa hayaƙi. A irin wannan dare faranti da batir a busasshen ɗaki sun fi komai, kuma mai kiwon zabi da ke da injin ƙyanƙyasa, ko mai karɓe ƴan zabi daga kaji biyu ko uku ya haɗa su wuri ɗaya, shi ne mutumin da na fi ganin farantin zai yi wa rana. A sauke masa ƙafafu sosai saboda ƙanƙantarsu, a kuma guji shimfiɗa takarda mai santsi, domin tana raba musu ƙafafu.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 dare kuma bai cika sauka ƙasa da 27 ba, tambayar ta juye, zafi ne ke kisa. Ɗumin da ake buƙata bai wuce na ƴan sa'o'i kafin asuba a makon farko ba. Kunna ƙwai ko shigar da garwashi a wannan lokaci yana iya zama ajalinsu, faranti kuwa ana iya barinsa su shiga in sun ga dama, ko a wadatu da bido ɗaya. Wanda da bazara kaɗai yake raino ba sai ya sayi komai ba. Ya sa kuɗinsa a inuwa da ruwan sha mai sanyi. Wanda ke zuba kajin nama cikin Disamba da Janairu, ko zabi da damina, ko yake ƙyanƙyasa kaɗan-kaɗan duk shekara, shi ya kamata ya yi saƙon faranti. Tsakanin 50 da 150 ne zaɓi ke da wuya: faranti biyu ko uku manya in akwai hali da batir mai ƙarfi, in babu kuma jan ƙwai biyu da aka rataye da kyau, da garwashi a shirye don daren da wuta ta tafi.

Mai saye ya duba abu uku kafin ya biya. Wutarmu bolt 220 ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, in aka jona su kai tsaye za su ƙone. Ya tabbata ƙafafun suna sauka ƙasa sosai kuma suna kamawa da ƙarfi, don kada allon ya zame ya danne na ƙarƙashi. Ya kuma sa a kunna masa shi na rabin sa'a, ya shafa ƙasan ko'ina ya ji ɗumin ya bazu daidai, babu wurin da ke ƙuna babu wurin da ke sanyi. In an kai gida, a kunna shi sa'a guda kafin kwalin ƴan tsaki ya iso, a ajiye ruwa da abinci kusa da bakinsa amma ba a ƙarƙashinsa ba, a ɗaga igiyar wutar daga inda ruwa zai zuba ko ɓera zai ci. A daren farko, ko wace hanya aka zaɓa, a tashi wajen ƙarfe uku a saurara daga bakin ƙofa kafin a haska fitila. In shiru ne ko ɗan ƙaramin sauti mai laushi, lafiya suke. Sannan a ɗauki biyu ko uku a ɗora tafin ƙafarsu a kunci ko a wuya. In ƙafar da ɗumi, a mayar da su a koma barci. In da sanyi, a ƙara kaurin shimfiɗa, a sauke allon kaɗan, a sake dubawa bayan rabin sa'a.